Lilon Jatau

Takardar ofis ta ce: je ki duba,
ki rubuto mana ko a rushe.
Na ɗauki guduma da ma'auni,
na sauka daga danfo a ƙarshen kwalta,
inda Ikko ke tsoma ƙafarta cikin baƙin ruwa.

Ba ta da suna a taswirarmu.
'Yan unguwa dai Lilo suke ce mata,
don ko yaro ne ya taka
sai ta amsa masa da rausayawa.

Ginshiƙi biyu a nan, biyu a hayi.
Igiyar ƙarfe ta hau kafaɗarsu,
ta lanƙwaso tsakiya kamar jinjirin wata,
ta bi ta bayansu ta nutse a turken siminti
da ya fi ɗakin uwata faɗi.
Sanduna sittin da huɗu suka sauko daga jikinta,
kowace riƙe da rabonta na katakon loko.
Ko ƙafa ɗaya ba ta da ita a cikin ruwa.

Kakana Jatau ya gaya mini dalili,
ina 'yar bakwai, yana feƙe mini rake:
"Laka ce a ƙasa, Tabawa, ba ta da gindi.
A kafa gungume da hantsi, la'asar ta haɗiye.
Sai mai zanen ya ce, tunda ƙasa ta ƙi,
a ba sama ajiya, ita ta yi riƙewa."

Shi rakiyar shanu ta kawo shi a jirgin ƙasa,
mai tufkar igiyar guga ne a garinsu.
Shanu suka ƙare, guzuri ya bi su.
Ya tarar da ƙarti suna kokawa da waya,
su murɗa nan, can tana warwarewa.

Ya ce ku ba ni.
Ba su ji Hausa ba, amma sun ga hannu.
Sule da sisi a yini,
da ƙullin eko daga tiren Iya Raliatu.
Tafinsa ya tsage, ya naɗe da tsumma,
ya tofa yawu ya ci gaba da murɗawa.

Alabi mai kwalekwale ya ja zaren farko zuwa hayi,
yana sane kasuwarsa yake binnewa.
Kaka bai taɓa kai wannan gaɓar ba
sai ya ajiye wuƙa, ya yi shiru,
har ƙudaje su gama da ɓawon raken
kafin maganarsa ta yarda da dawowa.

Yau ga ni a kanta da hular kwano.
Iskar teku ta lashe fenti,
tsatsa ta yi wa kusoshi lalle.
Na buga nan, ta ce ƙal. Na buga can, ta yi tari.
Katako goma sha ɗaya sun ruɓe,
wani ya toshe rami da murfin tukunya,
ta gefensa ina hango kifi ɗaya yana kewayawa.

A gindin turken gabas na durƙusa,
na kankare giris na shekaru da farce.
Duk tufkar da ke nan dama ta nufa,
sai zira'i guda da ta karkata hagu.
Na manta Jatau bahago ne.
Na manta da wane hannu ya riƙe wuƙar.
Na zauna a laka da wandon aiki,
ma'auni a cinya, ban iya karantawa.

Fom ɗin yana da gurbin tsatsa, gurbin nauyi,
ba shi da gurbin wannan.
Na rubuta: a sauya sanduna tara, a sauya katako,
igiya kam da sauranta.
Na sa hannu, da dama.

"Anti, matsa!" in ji tela, keken ɗinki a ka.
Bayansa mai kifi, bayanta 'yan makaranta uku.
Na matsa.
Suka hau, sanduna suka ɗauka suka miƙa wa igiya,
igiya ta kai wa ginshiƙi, ginshiƙi ya sauke,
turken da ke bayana ya ja numfashi.
Na bar tafina a kan zira'in nan
har na ƙarshensu ya gama wucewa.